Dodo Mai Kiran Suna

Ko ana shirin kai ni kushewa ba ni mantawa da ranar da na shiga aji. Lokacin da aka fara kwasar ɗiyan mutane zuwa boko ne, a ƙauyenmu na ƙasar Bukkuyum. Ni ko alif ban sani ba, amma in na buɗa baki da tatsuniya, manya ma aje tuwo suke.

Malamar 'yan aji ɗaya, Malama Rahila, baƙuwa ce Kirista. Gida gida ta bi tana roƙo kafin ta samu yara, don an ce mata in ajin bai cika ba rufe shi za a yi. Ta zo gidana ta durƙusa. "Inna, sun ƙi natsuwa. Ki zo ki yi musu tatsuniya."

"Aje bulalarki ki ga aiki," na ce. (Har sabon kallabi na ɗaura.)

Ina cewa "Ga ta nan ga ta nanku," wani ɗan banza ya ce, "Kaka, da rana tsaka? So kike mu ɓace?" Aji ya kwashe da dariya. Ni? Gaban baƙuwa?

Sai idona ya faɗa kan wani dogon littafi bisa tebur. Nan take na yar da Gizo na ƙago Dodo. Na ce da littafi yake yawo yana kiran yara ɗaya ɗaya, duk wanda ya amsa uwarshi ba ta sake ganinshi. A shekarar nan kuwa ƙyanda ta shiga kusan kowane gida ta ɗauki yaro. Ban tuna ba.

Tsit. Na dubi Malama ina hura hanci.

Ita kuwa in mun yi sauri ba ta kama Hausarmu. Ta ce tunda an natsu bari ta kira suna. Ta jawo littafin ta buɗe.

"Hadiza Garba!"

Jikata ce. Ta saki fitsari a tsaye, ta kurma ihu. Wasu ta ƙofa, wasu ta taga.

Washegari ba wanda ya zo. Na bi gidaje ina rantsuwa ƙarya na shirga, uwaye suka ce, "Inna, ai kin san abin da kika gani." Aka rufe ajin, aka ɗauke Malama. Har sallama ta zo ta yi min, a durƙushe.

Hadiza yau takardar asibiti sai ta nemi mai karanta mata. Na dai koyi barin yara su yi surutunsu. Shirun da na nema na samu, ajin nan awaki ke kwana ciki.