Motar Da Ta Kai Ni Gida Ta Wuce

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je sayen motata ta farko ba, don har yau yaran unguwarmu a Gidan Igwai ba su bar ni na manta ba.

Ni mutum ne mai ji da kansa wajen ciniki. Mai tumatir ma sai ya yi gumi kafin ya ga kuɗina. To da na tara kuɗin mota, sai na shelanta wa kowa cewa yau da mota zan dawo. Uwargida ta dafa shinkafa, na gayyaci maƙwabta su zo a sa albarka (rumfar ajiye motar kuwa tun watan jiya na kafa ta).

Na hau kabu-kabu zuwa wurin masu sayar da motoci. Ina shiga na gan ta, fara sol, kujerunta ko ledar ba a cire ba. Nan take ta shiga raina, amma na murtuke fuska. Dabarata guda ce: ka kushe kaya, ka taya da wulaƙanci, ka yi tafiyarka, mai kaya zai kira ka.

Na zagaya ta, na shuri taya, na taɓe baki. Na taya, Alhajin da ke wurin ya ce albarka. Na ƙara, ya rage, har abin da ya raba mu bai kai kuɗin taya biyu ba. Duk wannan abu, wani dattijo na zaune a benci yana kallonmu shiru. Na ɗauka ɗan zaman kashe wando ne.

"Alhaji, ni na tahi," na ce.

"To Malam, ka hwasa ke nan?"

"Na hwasa!"

Na juya ina tafiya kamar mai taka ƙwai, kunnena a baya. Shiru. A bakin ƙofa na duƙa ina gyara igiyar takalmi (silifa ne a ƙafata, jama'a). Can na ji muryar dattijon nan: "Tunda ya hita cikin cinikin, ni na saya yadda kac ce." Alhaji ya ce, "Na sallama."

Ashe shi ma motar ya zo saya. Ya same ni a kai, kuma ba a shiga cinikin wani, shi ya sa ya zauna yana jira. Da bakina na buɗe masa hanya. Wallahi ji na yi kamar in zauna a ƙasa in yi kuka.

Da dattijon ya fito da motar ya gan ni a rana, sai ya tsaya. "Ɗana, ina ka nuhwa? Shigo in rage maka hanya." Ni kuma, don rashin dabara, na shiga.

Muna karya kwanar layinmu yara suka ɗauka: "Ga mota! Ga mota!" Uwargida ta rangaɗa guɗa daga zaure. Liman ya ɗaga hannu ya fara addu'a, dattijon ya tsaya ya shafa tare da su. Sannan na fito ta gefen mai zaman banza, na rufe ƙofa, motar ta juya ta tafi da kowace albarka da aka sa mata.

Shinkafar dai an cinye. Rumfar kuwa awakin uwargida suka gaje ta har tsawon damina. Tun daga ranar, in zan yi zuciya a ciniki, sai na fara duba waye a benci.