Yadda Sarkin Jigila Ya Kai Yara Makaranta

Daga Funtua har Malumfashi, Allah bai yi mai tausayin ƙafar yaro kamar Alhaji Maitama ba. Shi ne kansilan ilimi na ƙaramar hukumarmu. Wanda bai san haka ba, to bai taɓa yi masa sallama ba ne, domin sai ya faɗi muƙaminsa yake amsawa. Da can dillalin auduga ne, mai idon da ke riga sikeli auna buhu. Da siyasa ta zo, ya koma auna mutane. Tumbinsa kan riga shi shiga ofis, hula ta biyo, sannan shi ya iso yana amsa gaisuwar da ba a yi masa ba.

Bara aka tura shi taron bita a Kaduna. Wasu sukan dawo daga irin wannan taro da jaka da biro. Alhaji da kalma ya dawo: jigila.

"Ku saurara da kyau," in ji shi a zauren majalisa. "A ƙasashen da suka ci gaba, yaro ba ya zuwa makaranta. Kai shi ake yi. Ni Maitama na yi alkawari, a zamanina sai yaro ya manta yana da ƙafa!"

'Yan tafi suka tafa har tafin hannu ya yi ja. Nan take suka naɗa shi Sarkin Jigila. 'Yan acaɓa a bakin kasuwa kuwa Na-Kaduna suke ce masa, amma sai ya wuce.

Aka sayo bas. Tsohuwa ce da ta gama ƙuruciyarta a hanyar Zariya tana ɗaukar buhunan masara da awaki. Aka shafe ta da fenti kore, aka manna hoton Alhaji a kowane gefe yana murmushi, haƙoransa sun kai girman faranti. Hoton ya rufe tagogi, amma Alhaji ya ce babu laifi, yaro da zai je neman ilimi me zai kalla a waje?

Sai dokoki. Bas ba za ta sauka daga kwalta ba, kada taɓo ya ɓata kayan gwamnati. Ba za ta tashi ba sai Alhaji ya zo da kansa ya kaɗa mata tuta. Alhaji kuwa mutum ne mai girmama karin kumallo, ba ya yi masa gaggawa. Duk yaron da aka gani yana takawa zuwa makaranta, shi da iyayensa 'yan zagon ƙasa ne.

Mutanen Unguwar Jibo ne suka fi kowa cin moriyar wannan alheri. Tsakaninsu da makarantar firamare gonaki ne kaɗan da wani ɗan rafi. Titi kuwa yana can bayansu, sai an ratsa fadama an haura tudu. Yaran da a da suke isa aji kafin a buga ƙararrawa, yanzu sai su juya wa makaranta baya, su yi ta tafiya har bakin kwalta, su zauna a rana suna jiran Alhaji ya gama da ƙosai. Ran da bas ta zo da wuri, sukan tarar da darasi na uku. Ran da babu mai, sukan dawo gida da yunwa. An yi gudun gara, an faɗa gidan zago.

Akwai wata mata a ƙauyen, Hansai, mai daddawa. 'Yarta Amatullahi tana aji shida, kuma ita ce ke ɗaukar na ɗaya. Da Hansai ta ga jarrabawar shiga sakandare ta matso, yarinya kuma ta fi sanin bakin titi da allo, sai ta yafa gyale ta nufi sakatariya.

"Ranka ya daɗe, Alhaji," ta ce, "daga ƙofar gidanmu ana jin karatun yara a makarantar nan. A bar su su taka mana."

Alhaji ya dube ta da tausayin da likita ke yi wa mai gardamar allura.

"Baiwar Allah, wannan ita ce matsalarmu. Ke kina ganin makaranta, ni ina ganin tsari. Ko jariri ma yana iya rarrafawa ya isa wuri. Amma isa daban, jigila daban. Ki je, wata rana za ki gode mini."

Hansai ta fito tana tafa hannu. Ta ce da ma an ce mai ƙoshi bai san ana yunwa ba, yau ta ga mai mota bai san ana tafiya ba.

Ranar jarrabawa ta zo bayan an kwana ana ruwa. Alhaji ya ga babu ranar da ta fi ta dacewa duniya ta shaida aikinsa. Ya gayyato masu ɗaukar hoto daga Funtua, ya sa babbar riga fara mai aiki har gwiwa, ya dakatar da dokar kwalta ta musamman, ya shigo da bas har tsakiyar Unguwar Jibo. Yara suka shiga, kowa da fensirinsa. Sai Alhaji ya hau benci a gindin tsamiya.

Ya fara daga tarihin taya. Ya gangaro kan jirgin ƙasa da zuwansa Funtua. Ya bi ta Kaduna, ya daɗe a can. Rana ta ɗaga, yara suna gumi a bayan hotonsa, iyaye suna kallon inuwa tana gajarta. Da ya sauko, kowa ya san in aka zagaya ta titi, sai dai a tarar ana karɓar takardu.

Babban mutum ba ya rasa dabara. Alhaji ya shige gaba, ya miƙa wa Buba direba yatsa.

"Yanke ta rafi. Ruwa ba ya tare gwamnati."

Buba ya yi bismilla, ya taka. Bas ta gangara kamar amarya, ta yi tsalle kamar akuya, ta kafa hanci a gaɓar can, ƙafafun baya suka maƙale a gaɓar nan, cikinta ya kwanta a ruwa. Ta yi tari sau biyu, ta yi shiru. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya.

"Babu abin tsoro!" Alhaji ya ɗaga murya. "Ɗalibai, ku sauka ku tura. Wannan shi ake kira haɗin gwiwa da al'umma."

Yara sun fara naɗe wando ke nan sai ga Hansai da matan ƙauye sun biyo sawu a guje.

"Amatullahi!" ta ƙwala kira. "In hannunki ya taɓa motar nan ban yafe ba! Ku fita ta gaba, ku ruga!"

Ƙofar gaba kuwa Alhaji ne zaune a bakinta. Yaran ba su da lokacin neman izini. Suka bi ta kan cinyarsa ɗaya bayan ɗaya, suna dirawa gaɓar can, kowane ya bar wa farar riga hatimin taɓo. Suka ratsa gonar waken suya a guje, 'yan zagon ƙasa gaba ɗayansu. Sun isa makaranta ana raba takardu. Amatullahi ta rubuta tata da laka har ƙauri, kuma da sakamako ya fito ta samu gurbi a sakandaren 'yan mata.

Alhaji bai iya dira ba, gaɓar tana da santsi, girma kuma yana da nauyi. Wani manomi, Manu, shi ya ajiye fartanya ya shiga ruwa ya goya shi. Masu hoto da aka biya su ɗauki tarihi ba su yi ha'inci ba. Kafin la'asar, duk wayar da ke Funtua ta ga Sarkin Jigila a bayan Manu, ya rungume wuyansa, yana cewa a yi a hankali. A duk tsawon tsarin jigilar nan, shi ne fasinja ɗaya tilo da aka kai inda za shi a kan lokaci.

Bas tana nan inda ta kwanta. Majalisa ta kafa kwamitin da zai duba yiwuwar kafa kwamitin ciro ta. Da mutanen Unguwar Jibo suka gaji da jira, suka ɓalle ƙofar baya, suka cire kujeru, suka shimfiɗa katako. Yanzu kowace safiya yara suna shiga ta baya su fita ta gaba, ƙafa a bushe, har da mata masu kai abinci gona. Tun da aka sayo ta ba ta taɓa aiki irin na yanzu ba.

Labari ya kai kunnen Alhaji. Sai ya aika a ɗinka masa sabuwar riga, a sayo zare da almakashi.

Ranar Asabar zai zo ƙaddamar da gada.