Lasifikar da Ta Mai da Ni Likita

Har gobe ina yaba lasifikar nan. A kasuwar Ƙonni na gan ta, ja wur, bakinta kamar mazurari. Mai shagon ya miƙo min wasu ƙanana biyu, ya ce, "Waɗanga ake ɗaurawa ga kan babur, su fuskance ka, kai kaɗai ka ji kiɗinka."

Na ce, "Kiɗin da mutum ɗaya ke ji ai ba kiɗi ba ne." Na sa aka ɗaura min babbar, bakinta na duban gaba.

Ranar kasuwar Badagishiri na shiga da ita, kalangu na tashi, sauti tas. Jama'a suka yo kaina, na tsaya ina jiran yabo. Na manta shaf cewa a kasuwa babur mai lasifika na masu tallan magani ne.

Kafin in cire hular kwano, wani dattijo ya kutso, ya rage murya: "Yaro, na basir nika so, mai ƙarfi."

Surukina ne, wanda ko ido ba ma haɗawa.

Shi bai taɓa tada zancen ba. Amma ƙannen matata, ko a masallaci suka gan ni, sai su risina: "Likita, Baba na gaisuwa, ya ji sauƙi."