Injin da Ba a Taɓawa

Jama'a, yau na raka 'yata Auta makarantarsu na dawo da ciwon kai. An buɗe musu sabon aji na koyon aikin injiniya, aka ce sai an gwada yara a ga wanda ya shirya. Ita kuwa Auta tun tana firamare ba ta da buri sai wannan. Fankar ɗakina ta sha kwancewa da mayarwa a hannunta, agogon bango ma bai tsira ba, uwarta har ɓoye dutsen guga take yi. Hutun nan kaf a shagon maƙwabcinmu Mai Walda ta yi shi, tana koyon awo da ɗaurin noti. Na ce a raina yau dai kakarmu ta yanke saƙa.

Muka shiga ɗakin gwajin. Tubarkalla! Injuna a jere, kowanne naɗe cikin ledarsa, an gicciya musu jan kirtani. Malamin ya raba wa yara hular kwano, ya ce kowa ya tsaya gefen inji, ya yi murmushi, ya nuna shi da yatsa ba tare da ya taɓa ba, mai hoto ya ɗauke shi. Wai jarrabawar ke nan.

Na ce, “Allah gafarta Malam, yaushe za su riƙe sifana?”

Ya ce, “Baba, rage murya. Mai Girma bai zo ya yanke kirtani ba tukuna. Kafin ya zo, abin da muke so yaro ya iya tsayuwar hoto.”

“To yaushe zai zo?”

“Yana hanya,” in ji shi, yana kakkaɓe yanar gizo-gizo daga kan leda.

Muna cikin wannan magana Auta ta hango wani noti ya kwance a jikin inji, ta ɗaga leda ta ɗaure shi da hannu. Wayyo Allah! Malam ya saki salati, aka kira shugaban makaranta a guje, ya ce ta faɗi jarrabawar, don ta yi wa kayan hukuma karambani. Yaron da ya zo na ɗaya ko kallon injin bai yi ba, mai hoto ya kafa wa ido.

Na yi ta ba da haƙuri har bakina ya bushe. Daga ƙarshe shugaban ya ce za a ɗauke ta, in ta yi alkawarin ba za ta sake taɓa komai ba har ta gama makaranta. Ta cire hular ta ajiye, idonta cike da ƙwalla, ta ce, “Baba, mu tafi. Ni taɓawar na zo yi.” Wallahi abin ya yi min ciwo.

Da na ba Mai Walda labari sai ya tuntsire da dariya. Ya ce, “Maƙwabci, kai ma da neman magana! Inji in ba a kunna ba ai ba ya lalacewa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.”

Gaskiyarsa. Allah ya ja zamanin manyanmu masu tattali, waɗanda za su miƙa wa jikokinmu injuna sababbi fil. Ajin dai ya cika ba Auta. Ni kuwa shawarata, ranar da waɗannan injiniyoyi suka gina muku gada, ku tsaya gefe ku nuna ta da yatsa, kada wanda ya hau.