Rasuwar Abu Takwas, Akwatin da Bai San Lokaci ba

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika fal, ni Fahim Abdul'al, tsohon mai shara a gidan tarho na Iskandariya, nake sanar da rasuwar akwatina mai haɗa lissafi, wanda unguwar Attarin ta sani da Abu Takwas. Ya cika ranar Talata bayan magariba yana da shekara talatin da ɗaya, ko da yake shi bai san da haka ba.

Da tarkacen da injiniyoyi suka zubar na haɗa shi: makunni takwas, fitila biyar. Ka ɗaga masa lamba biyu da makunnan, ya ce ƙas-ƙas, fitilu su nuna jimla. Marigayin ba shi da agogo a ciki, ba ya jiran bugun komai kafin ya amsa. Ba ya kuma riƙe abin da ya wuce, shi ya sa bai ƙullaci kowa ba, har kyanwar maƙwabciyata Umm Ragab da ta yi masa fitsari.

Halin nan nasa ne ya dame ni. Kullum da safe sai ka ce bai taɓa ganina ba. Na so ya tuna ko da abu ɗaya ne, sai na ɗauki waya na mayar da amsarsa cikin tambayarsa. Amsa ta sauya tambaya, tambaya ta sauya amsa. Ya kama zzzz kamar zanzaro a kwalba, har Umm Ragab ta leƙo ta ga ko aski nake yi. Kafin in zare shi daga wuta, hayaƙi ya tashi.

Jikata Nuha injiniya ce. Ta shinshina shi ta ce, "Kaka, kai ka kashe shi, kada ka ɗora wa kyanwa."

Ya bar makunni bakwai masu rai, da fitila uku, da kamanninsa da Nuha ta zana a kwamfuta. Ta yi wa wancan tambayoyi ɗari biyu da hamsin da shida, ya amsa duka daidai, shi ma babu agogo. Sai dai ba ya cewa ƙas-ƙas.

Za a ɗauke shi ranar Alhamis bayan la'asar zuwa shagon Usta Milad mai gyaran rediyo, wanda ya yi alkawarin kwance shi da mutunci. Zaman makoki a ƙofar gidana, gahawa babu sukari. Mai agogo ya bar shi a aljihu.

Umm Ragab ta ce za ta kawo kujeru. Jiya ta tsaya a bakin ƙofa, ni da Nuha muna naɗe wayoyi, sai Umm Ragab ɗin ta tambaye ni:

"Wai Baffa Fahim, me kake so ya tuna maka?"