Farfesa Tura-Duka

Duk unguwar Osu babu wanda ya san kartar ashirin da ɗaya kamar Farfesa Cornelius Amoakohene. Shi da bakinsa ya tabbatar da haka, kuma mai kwat da gyauton saƙar kente a kafaɗa ai ba ya ƙarya. Babu jami'ar da ta ba shi farfesa. Jami'o'in ne suka yi nawa, shi kuwa mutum ne da ba ya son jira.

Kowace Asabar yana tara ɗalibai a wani ɗaki saman kantin magani, yana shayar da su ilimi. Ilimin nan teku ne, amma cokali ɗaya ya ɗauke shi: in an bar ka a baya a gasa, tura duk abin da ke gabanka.

"Matsoraci ne ke rage canji!" in ji shi, yana dukan tebur. "Namiji tura duka yake yi!"

Abu ɗaya ne ya rage wa wannan gwani: ba a taɓa ganin kati a hannunsa ba. In an tambaya sai ya ce zaki ba ya farautar ƙadangare. Da ɗalibai suka gaji, suka ce ko ya shiga gasar otal ɗin bakin teku su gani da idonsu, ko Asabar mai zuwa ya karantar da kujeru. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Zaki ya fito.

Sista Adjeley ce mai rabon kati a teburin. Ƙafafunta sun daɗe da gajiya da tsayuwa, kunnuwanta sun daɗe da gajiya da irinsa. Ta maimaita ƙa'ida: kowa da kwandalolin roba daidai da na kowa, kuma bayan 'yan zagaye wanda nasa suka fi ƙaranci ya tashi. Farfesa ya goge kujera da hankici, ya gyara mata riƙon kati, ya shiga bayyana wa na kusa da shi kuskurensa. Kafin ya gama gyara duniya, tarin gabansa ya zama na ƙarshe.

Zagayen sallama ya zo. Wanda ke gabansa da ɗan kaɗan shi ne Bra Fiifi, mai sayar da kayan mota a Abossey Okai, wanda tun zuwansa yake sakace naman da ya ci da dokunu, tuwon masarar garin. Rabin kwandalolin Farfesa sun isa su haye shi. Amma rabi na matsorata ne.

Ya miƙe tsaye, ya waiwayi ɗalibansa. "Ku buɗe ido. Tarihi ba ya maimaita kansa."

Ya sa hannu biyu ya tura duka.

Adjeley ta ajiye masa as, katin nan da ake ƙirgawa ɗaya ko sha ɗaya, ta ƙara masa wani as. Ɗalibai suka ɓarke da ihu, don ko jariri a gidan nan ya san as biyu raba su ake yi, kowanne ya zama hannu mai zaman kansa.

"Raba su, 'yata," ya ce, yana gyara kente.

"To Wofa," ta ce, wato kawu, "ajiye kwandaloli daidai na farko."

Farfesa ya dubi gabansa. Tebur fes, kamar an lashe. Ya laluba aljihu. Ya kwance agogo.

"Wofa, nan ba kasuwar Makola ba ce. Kati ko tsayawa?"

"Kin san da wa kike magana?"

"Da mai sha biyu. Kati ko tsayawa?"

Ya nemi kati. Goma ta faɗo, as biyun suka koma ɗaya-ɗaya, yana nan a sha biyunsa. Ya sake nema. Wata goman ta faɗo. Ashirin da biyu. Ya ƙone.

"Chale, aboki!" Bra Fiifi ya riƙe ciki. "Da ka raba, ashirin da ɗaya har biyu ke nan! Abinci ya zo, ka sayar da baki!"

Shi ma Fiifin an cinye shi a zagayen, amma ɗan kaɗan ya sa, don haka yana nan daram a kujerarsa. Adjeley ta kwashe tarin Farfesa da hannu ɗaya, ko kallonsa ba ta yi ba.

Babban mutum ba ya faɗuwa, sai dai ya zauna a ƙasa da gangan. Farfesa ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗaga yatsa.

"Kun ga goma biyun nan? Daidai yadda na lissafa suka zo! Da gangan na yi, don ku koyi babi na gaba, wanda za mu fara ranar..."

Ya waiwaya. Babu kowa sai mai gadi, shi ma hamma yake yi. Ɗaliban suna can sun yi layi a bayan mai kayan mota. Babbansu, wani dogo mai suna Selorm, ya sunkuya da ladabi.

"Bra Fiifi, kana koyarwa ranar Asabar?"

"Ni? Na rantse maka ban iya wasan nan ba."

"Ba komai," in ji Selorm. "Mun saba."