Rasuwar Sai-Gida, Saura Kilomita Ɗari Uku da Bakwai

Da zuciya cike da baƙin ciki, da haushin da na rasa wanda zan sauke wa, ni Maazou ɗan Moutari, mutumin Damagaram mazaunin Porte de la Chapelle a Paris, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motata, Fijo 405 doguwa mai shan gazuwal, wadda aka fi sani da Sai-Gida. Ta rasu da asubahin Asabar, huɗu ga Fabrairun 2012, a filin ajiye motoci na unguwar Minguettes, can gefen Lyon, tana da shekara goma sha tara a duniya da kilomita 499,693 a agogonta. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina roƙon mai karatu ya sake duban lambar nan da kyau. Saura ɗari uku da bakwai ta cika dubu ɗari biyar.

Marigayiyar ta shigo hannuna a 2001, daga wajen wata tsohuwa, Madam Brigitte, wadda mijinta ya mutu ya bar mata mota ita kuwa ba ta iya tuƙi ba. Tun daga ranar, shekara goma sha ɗaya, ita ke kai ni kasuwar Rungis inda nake dakon nama, ita ke dawo da ni ina warin kitse, ba ta taɓa yamutsa fuska ba. Ita ta ɗauko 'ya'yana uku daga asibitin haihuwa ranar da aka sallame su. Ita ke kwaso naman Layya na gida shida. Duk ɗalibin da ya sauka filin jirgi daga Maraɗi ko Tawa da jaka ɗaya da lambar wayata a aljihu, a kujerarta ta baya ya fara ganin Faransa. Yawancinsu yanzu suna da motoci masu sheƙi, in mun haɗu a bakin masallaci sai su tambaye ni ko tsohuwar tana nan da rai, suna dariya. To, ga amsarku.

Mai haƙuri ce, amma tana da ƙa'ida. Lokacin sanyi ba a tashinta da gaggawa. Sai ka murɗa makulli rabi, ka jira 'yar fitilar nan mai ruwan goro ta mutu, ka yi bisimilla, sannan ka ƙarasa. Sai ta ce kyar-kyar-kyar, ta yi tari biyu, ta ce gurrum, sitiyari ya ɗauki rawa a hannunka. Wanda ya yi mata garaje bai isa ta kula shi ba. Ƙofarta ta baya ta hagu daga waje kawai take buɗuwa. Ɗumin cikinta kuwa ba ya isowa sai mun kusa Rungis, lokacin da yatsuna sun riga sun sandare. Ban taɓa riƙe ta da wannan ba, kowane tsoho da halinsa.

Ni ma ban ci amanarta ba, Allah shaida ne. Baƙin mai ba ya wuce lokacinsa. Tayoyin sanyi huɗu suna kwana a barandarmu wata bakwai a shekara, matata Raliatou tana mita, Nuwamba na kamawa in sauko da su ɗaya bayan ɗaya daga hawa na biyar. Gishirin da ake watsa wa tituna don ƙanƙara shi ne babban maƙiyinta, yana cin ƙarfe ta ƙasa kamar gara, don haka duk mako biyu sai na kai ta an wanke mata ciki. Duk shekara biyu kuma, in lokacin binciken lafiyar mota ya zo, ni da Bouba, makanikenta, Bafulatanin Garwa mai gareji a Aubervilliers, sai mu yi kwana uku muna shirya ta kamar mai zuwa sabunta takardar zama. Sau biyar tana shiga, sau biyar tana fita da tambarinta. A 2009, da gwamnati ta ce a kawo tsofaffin motoci a murƙushe a ba mutum tukuici, kowa a gidana ya ce wannan ita ce dama. Na ce ko a mafarki.

Sunanta yana da asali, kuma dole in faɗe shi, don shi ne ciwon. A 2003 na je gida. Inna, mahaifiyata, ta zaunar da ni a tsakar gida ta tambaye ni yaushe zan dawo gaba ɗaya. Ni kuwa don in zame, sai na ce ranar da motata ta cika kilomita dubu ɗari biyar, ni da ita za mu taho tare. A lokacin ko rabi ba ta kai ba, kuma ban taɓa jin motar da ta kai ba. Ni wasa na yi. Inna ba ta ɗauke shi wasa ba. Ta sa aka kafa rumfa a ƙofar gida, ta kwano, daidai tsawon mota. Tun daga nan duk Juma'a in na buga waya, kafin ta tambayi jikokinta sai ta ce, "Saura nawa?" Ba ta san boko ba, amma ba ta taɓa manta lambar makon jiya ba. Abokai suka ji labari suka laƙaba wa motar Sai-Gida. Ita kuma, kamar ta ji alkawarin, sai ta ƙi mutuwa.

Yanzu sai rashin lafiyar ajali, wadda ba ta kai kwana ɗaya ba.

A watan Janairu surukina, mahaifin Raliatou, ya zo daga Damagaram ganin likitan gwiwa, ya sauka gidanmu. Ba zan kama sunansa a nan ba, kamar yadda ban taɓa kama shi ba tun da na auri 'yarsa. Ba na cin abinci a gabansa, ba na ɗaga ido in dube shi. Dattijo ne na ƙwarai, shekara talatin yana jan babbar mota tsakanin Damagaram da Agadas, inda maganin inji ɗaya ne tak, ruwa. Ranar Juma'a muka shirya zan kai shi Lyon wajen ƙanwar matata, A'ishatu. Na dawo aiki na ɗan kwanta, na farka na ga babu makullin mota a jikin ƙusa. Na sauka ƙarƙashin bene inda motar take kwana, na tarar da surukina ya naɗe hannun riga, murfin inji a buɗe, bokiti biyu a gefensa, ƙasa duk ta yi ja.

Ga wanda bai taɓa zama ƙasar sanyi ba, a nan ba a zuba wa lagireto ruwan famfo. Akwai wani ruwa mai launi da ake kira antijel, shi ke hana ruwan inji daskarewa. Shi ne na gani yana malala zuwa magudana.

Baba ya juyo yana haki, fuskarsa cike da murna, ya ce, "Ɗana, Allah ya tsare ka. Cikin motar nan duk ya ruɓe, ruwanta ja wur kamar zoɓo. Na zubar, na ɗauraye sau uku, na cika mata mai tsabta."

Na dubi ƙasa na ce, "To, Baba. Allah ya saka da alheri."

Wannan "to" ɗin ita ce sanadin mutuwa, in likita zai rubuta gaskiya. A kan matakala na tare Raliatou na ce ta yi wa mahaifinta bayani. Ta ce ita tun da ta zo duniya ba ta taɓa gyara masa magana ba, ba za ta fara a kan tsohon ƙarfe ba, kuma ai motar ma ta gaji.

Muka kama hanya bayan sallar Juma'a, Baba a kujerar gaba. Wallahi ban taɓa jin ta yi tafiya mai daɗi irin ta ranar ba, ashe bankwana take yi. Baba ya yi ta karkata kunne yana ce mini in ji yadda take numfashi yanzu. A wani gidan mai kusa da Beaune, yana banɗaki, na yi wuf na sayi jarka biyu na antijel na tura ƙarƙashin dardumar salla a baya. Na yi lissafi a raina, in mun isa Lyon saura ɗari uku da bakwai, ke nan a hanyar dawowa, wajen Auxerre, lambobin za su juye. Har kilishi na tanada da kyamara, in tsaya gefen hanya in ɗauki hoto in aika wa Inna.

Mun isa bayan magariba. Gidan A'ishatu hawa na biyu ne, tagar falo tana kallon filin motoci, kuma nan aka ajiye wa Baba kujera. 'Yan gaisuwa suka yi ta shigowa, duk wanda ya zauna sai ya nuna masa motar ta taga, ya ba shi labarin yadda Faransa duk da iliminta ta bar mota da ruɓaɓɓen ciki sai da direban Agadas ya zo. Talabijin na cewa sanyi zai sauka goma sha biyu ƙasa da sifiri. Sau biyu ina miƙewa, sau biyu ina komawa in zauna. In na sauka na buɗe murfin nan a gaban idonsa da na baƙinsa, na ƙaryata dattijo ke nan a bainar jama'a. Na ce wa kaina dare ɗaya ne, da asuba kafin kowa ya tashi zan zuba mata antijel ɗin.

Da asuba na tarar da ƙanƙara na reto a ƙarƙashin motar kamar gemu. Na murɗa makulli rabi, na jira fitila, na yi bisimilla. Ta ce ƙyak, sau ɗaya. Wannan ita ce kalmarta ta ƙarshe.

Wani gareji a Vénissieux ya tabbatar ruwan ya daskare ya tsaga injin daga sama har ƙasa. Na kira Bouba. Tambaya ɗaya ya yi, wane ne ya zuba mata ruwa. Na ce ni ne. Sai ya faɗi wasu kalmomi da Fillanci waɗanda ban nemi fassararsu ba. Baba kuwa na gaya masa batir ne. Ya girgiza kai ya ce ai kuwa ciki kawai ya duba, da ya sani da ya duba batir ɗin ma. Ya koma Damagaram da wannan sanin, kuma ina roƙon duk wanda ya karanta takardar nan, don girman Allah, ya bar shi a kai.

Marigayiyar ta bar tayoyin zafi huɗu a baranda, da jarka biyu na antijel ko buɗe su ba a yi ba, marayu tun kafin a san su. Ta bar makulli biyu, da carbi a jikin madubi, da kilishin da na kasa ci. Ta bar Bouba, wanda har yau in na gaishe shi da ka yake amsawa. Ta bar mata ɗaya da 'ya'ya uku waɗanda suka yi mini ta'aziyya da baki, na kuma ji suna shawarar launin sabuwa a kicin tun ba a yi kwana uku ba. Ba su taɓa son zancen komawa gida ba, yanzu sun huta. Ta kuma bar rumfar kwano a Damagaram wadda shekara tara ake share ƙarƙashinta.

Tun da takardar mutuwa ce, ba wurin ƙarya ba ne. Bouba ya ce zai iya nemo tsohon inji a dasa mata, agogon ya ci gaba daga inda ya tsaya. Na ce bari in yi tunani. Mako uku ke nan ina tunanin. Yara suna makaranta, shekarun fanshona ba su cika ba, kuma ban san abin da mai dakon nama ɗan shekara hamsin da biyu zai yi a Damagaram ba. Ina jin kunyar faɗa, amma akwai lokacin da nake tambayar kaina ko kunyar suruki ce kaɗai ta riƙe ni a kan kujerar nan ta gidan A'ishatu.

Juma'a uku Inna tana tambaya, Juma'a uku ina cewa ɗari uku da bakwai. A ta ukun sai ta ce, "Maazou, tsufa na yi, ban haukace ba. In ta mutu, Allah ya ba ka haƙuri. Abin da ya rage ka tako da ƙafarka."

Na ce, "To, Inna." Ina faɗa na gane ta, ita ce dai "to" ɗin da na ce wa Baba.

Za a yi jana'iza ranar Talata da ƙarfe goma na safe, a wani filin murƙushe motoci da ke bayan Vénissieux. Ba za a kai gawa gida ba, a nan ƙasar sanyi za ta kwanta. Ba za a yi mata wanka ba, an riga an yi sau uku, shi ne ma ya kashe ta. Masu zuwa su sa manyan riguna, filin babu inda ake fakewa. Waɗanda suka yi mata dariya tana raye, na yafe musu wahalar zuwa. Babu zaman makoki, babu sadakar uku, babu ta bakwai, don ran Laraba ina da aiki a Rungis.

Kafin a sa ta cikin injin murƙushewa, za a cire mini agogon. Duk wanda ke da tafiya Damagaram a wannan wata, ya biyo ta Porte de la Chapelle ya karɓa, ba shi da nauyi, zai shiga jakar hannu. Ya kai wa Inna a rataye shi a cikin rumfar. In ta tambayi ina mai shi, ya ce yana hanya. In ta ce saura nawa, ya nuna mata.

Mai sanarwa, Maazou ɗan Moutari, a madadin kansa shi kaɗai.